Ƙwayar yashi tana faɗin mahaifarta, ba ta faɗin hanyar da ta biyo

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon a ba ni fili a shafin wasiƙu domin in yi magana a kan wani reshe na ilimin duwatsu wanda sakamakonsa kan faɗo cikin labarai jefi-jefi, amma ba safai ake bayyana yadda aka kai gare shi ba. Reshen shi ne binciken asalin yashin da ya daskare ya zama dutse a gefen nahiyoyi, wato neman sanin daga waɗanne tsaunuka yashin ya gutsuro, wane ruwa ko wace iska ta kwaso shi, kuma ina da ina ya ratsa kafin ya kwanta a inda muke ganinsa yau. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda ake yawan kawo irin wannan labari a dunƙule, a ce masana sun auna wasu ƙwayoyi sun gano shekarun dutse da mafarinsa, sai ka ce awo ɗaya ne ya yanke magana. Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kafa wa hujja, shi ne ƙwayar yashi tana iya gaya mana lokacin da ta samu da irin dutsen da ta fito daga cikinsa, amma ba ta gaya mana hanyar da ta biyo, kuma duk wanda ya cakuɗa waɗannan abubuwa biyu zai yi kuskure ko da na'urarsa ta fi ta kowa kyau.

Idan mutum ya ɗauki gutsuren dutsen yashi ya goga shi da babban yatsa, zai ji yana da kaushi, wani lokaci ma ƙwayoyi su zubo masa a tafin hannu, domin dutsen ba wani abu ba ne illa yashin da nauyin abin da ke bisansa ya danne, sannan ma'adinan da ruwa ya bari a tsakanin ƙwayoyin suka liƙe su. Masana suna kiran ƙwaya yashi idan faɗinta ya kama daga kimanin milimita 0.06 zuwa milimita 2; wadda ta gaza haka laka ce, wadda ta zarce kuma tsakuwa ce. Dalilin da ya sa aka fi mai da hankali ga gefen nahiya shi ne nan ne ƙarshen tafiyar yawancin abin da ruwan sama ya zaizaye daga tudu. Koguna suna zubar da kayansu a bakin teku, ƙasan wurin kuma tana lotsawa sannu a hankali saboda nauyi, har a tara shimfiɗu masu kaurin kilomitoci. Tafiyar ba ta tsayawa a gaɓa. A ranar 18 ga Nuwamba, 1929, girgizar ƙasa a kudu da tsibirin Newfoundland na Kanada ta zabtare gangaren da ke ƙarƙashin teku, wayoyin tangarahu da ke kwance a ƙasan ruwa suka riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya har tsawon sa'o'i 13, kuma a 1952 Bruce Heezen da Maurice Ewing suka nuna cewa ambaliyar yashi da laka ce ta gangara ta tsinke su. Ta irin wannan hanya ce abin da aka zaizaye daga tsaunukan Himalaya ya shimfiɗu a ƙasan Tekun Bengal har tsawon kimanin kilomita 3,000. Bayan shekaru miliyoyi tsaunin ya ƙare, kogin ya ƙafe, gaɓar ma ta sauya wuri, sai yashin kaɗai ya rage a matsayin shaida.

Gefen nahiya iri biyu ne, kuma yashinsu ya sha bamban. A inda ƙasan teku ke nutsewa ƙarƙashin nahiya, kamar gaɓar yammacin Kudancin Amurka, tsaunuka masu aman wuta suna dab da ruwa, koguna gajeru ne masu gudu, yashin kuma yana isa teku da ɗanyensa, cike da gutsattsarin dutsen aman wuta. A inda babu wannan karo, kamar gaɓoɓin Tekun Atilantika, manyan koguna ne ke tattaro yashi daga can tsakiyar nahiya, ya sha tafiya da rana da ruwa har ma'adinai masu rauni su ruɓe, a bar mai taurin kaɗai.

Masana na farko da ido da guduma suka fara aikin, kuma har gobe ba a daina ba. A jikin gangaren dutsen yashi ana ganin siraran layuka a karkace a tsakanin manyan shimfiɗu, kowane layi yana nuna fuskar tulin yashin da ruwa ko iska ke turawa gaba, don haka ɓangaren da suka karkata shi ne inda ruwan ya nufa. Mai bincike yakan ɗora kamfas a kansu wuri bayan wuri har ya fitar da alƙiblar tsohon kogi. Daga nan sai a yanko dutsen a goge shi har kaurinsa ya koma milimita 0.03, yadda haske zai ratsa shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, dabarar da Henry Clifton Sorby na Ingila ya fara amfani da ita wajen 1849. Ana ƙirga ƙwayoyi ɗaruruwa a ware su kashi uku: farin ma'adinin nan mai tauri da ake kira kwaz, da feldisfa mai saurin ruɓewa ya koma yumɓu, da gutsattsarin wasu duwatsu. A 1979 William Dickinson da Christopher Suczek suka nuna cewa yadda kason nan uku ya rabu yana da alaƙa da irin yankin da yashin ya fito. Wannan hanya tana da amfani, sai dai tana da iyaka bayyananniya, domin yashin da ya daɗe yana shan ruwa da zafi duk kwaz yake komawa, kuma kwaz na gabas da na yamma kusan kamarsu ɗaya. Shi ya sa aka koma ga 'yan tsirarun ma'adinai masu nauyi waɗanda galibi ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na dutsen ba, kuma a cikinsu babu wanda ya kai zarkon daraja.

Zarkon yana samuwa ne lokacin da narkakken dutse ke hucewa a cikin ƙasa, musamman irin wanda ke zama giranit, wato dutsen nan mai tauri da manyan ƙwayoyi. Yayin da ƙwayarsa ke girma tana karɓar yuraniyom kaɗan a jikinta, amma tana ƙin dalma, saboda haka dalmar da aka tarar a ciki daga baya kusan dukkanta daga rikiɗewar yuraniyom ta samu. Saurin wannan rikiɗa sananne ne: yuraniyom ɗin iri biyu ne, rabin mai lamba 238 yana komawa dalma cikin shekara biliyan 4.47, rabin mai lamba 235 kuma cikin shekara miliyan 704. Agogo biyu ke nan a cikin ƙwaya ɗaya, kuma idan suka ba da amsa ɗaya an san ƙwayar ba ta yi asarar dalmarta ba, idan suka saɓa sai a yi hattara da ita. Ga shi kuma zarkon yana da taurin da ruwa da zafi da gogayyar tafiya ba sa cinye shi da sauƙi. Aikin fitar da shi yana da wahala: a farfasa dutse, a niƙa, a tankaɗe, a wanke a kan teburi mai girgiza, a janye masu ƙarfe da maganaɗisu, sannan a zuba sauran cikin wani ruwa mai nauyi wanda kwaz ke yawo a samansa, zarkon kuma ya nutse. Daga dutse mai nauyin kilo da yawa abin da ake samu wani lokaci bai cika kan cokali ba. Ƙwayoyin, waɗanda tsawon kowace bai wuce kaurin gashin kai ɗaya ko biyu ba, ana jera su a cikin ƙaro mai daskarewa, a goge su har tsakiyarsu ta bayyana, a ga zobba a ciki hawa-hawa, kowane zobe alamar wani matakin girma. Sai a harba hasken leza a wuri ɗaya ya huda ɗan rami, a tura ƙurar cikin na'urar da ke auna yuraniyom da dalma. Tun wajen 1980, lokacin da William Compston da abokan aikinsa a Jami'ar Ƙasa ta Ostareliya da ke Canberra suka ƙera na'urar da ake kira SHRIMP, aka sami sauƙin auna ƙwaya ɗaya tilo, yau kuma da leza ana auna ɗaruruwa a yini.

Kuskure na farko da ake yi a labarai shi ne ɗaukar shekarun ƙwayar a matsayin shekarun dutsen. A 2001 aka ba da rahoton wata ƙwayar zarkon daga Jack Hills a yammacin Ostareliya mai shekara biliyan 4.4, wadda ita ce abu mafi tsufa da aka auna daga cikin abin da ya samu a doron duniyar nan, amma dutsen da aka ciro ta daga cikinsa ya kwanta ne kimanin shekara biliyan 3 da suka wuce. Fiye da shekara biliyan guda ke tsakanin haihuwar ƙwayar da kwanciyarta ta ƙarshe. Abin da zarkon ke iya faɗa game da shekarun dutsen yashi abu ɗaya ne, wato dutsen ba zai girmi ƙwaya mafi ƙuruciya da ke cikinsa ba, kuma wannan ma ba ƙaramin amfani ba ne ga duwatsun da babu burbushin halittu a cikinsu.

Kuskure na biyu ya fi zurfi, kuma misalin da ya fi fito da shi fili yana yammacin Amurka. A jihohin Utah da Arizona akwai dutsen yashi da ake kira Navajo, ragowar wata babbar hamada ta kimanin shekara miliyan 190 da suka wuce, wadda ta shimfiɗu kusa da gefen yammacin nahiyar na wancan zamani. Layukan da ke jikin dutsen suna nuna cewa iskar da ta tara yashin daga wajen arewa take kaɗawa. Amma da Dickinson da George Gehrels na Jami'ar Arizona suka auna zarkon ɗinsa, suka wallafa a 2003, sai suka tarar da kaso mai yawa na ƙwayoyi masu shekara biliyan 1 zuwa 1.2 da wasu masu shekara miliyan 300 zuwa 500, shekarun da suka dace da tsaunukan Appalachia da ke can gabashin nahiyar, nisan kilomita dubbai. Kamfas ya ce arewa, zarkon ya ce gabas, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Bayanin da ya haɗa su shi ne manyan koguna sun ratsa nahiyar daga gabas zuwa yamma sun zubar da yashin a arewacin yankin, daga nan iska ta kwaso shi ta yi kudu da shi. Zarkon yana riƙe da takardar haihuwa ne kawai, babu hatimin zangon da ya yada a hanya. Layukan dutsen kuma zangon ƙarshe kaɗai suka sani. Da an dogara ga ɗaya an bar ɗayan, da an zana taswirar da ba ta taɓa wanzuwa ba.

Misalin da na fi so mai karatu ya tsaya a kansa shi ne na gefen arewacin tsohuwar nahiyar Gondwana, wadda ta haɗa Afirka da Kudancin Amurka da Indiya da Ostareliya da Antatika da yankin Larabawa a dunƙule guda. Tsakanin kimanin shekara miliyan 650 zuwa 550 da suka wuce gutsattsarin nahiyoyi suka yi ta karo da juna har suka haɗa ta, karon kuma ya tayar da dogayen tsaunuka. Da tsaunukan suka zaizaye, a zamanin da masana ke kira Kambiriyan da Odobishiyan, wato daga wajen shekara miliyan 540 zuwa 445 da suka wuce, sai aka shimfiɗa yashi mai yawan gaske tun daga yammacin Sahara, ta Aljeriya da Libiya da Masar, har zuwa Jodan da Saudiyya. A cikin wannan dutse aka sassaƙa tsohon birnin Petra na Jodan, shi ne kuma ke tsaye a Wadi Rum, ita ma a Jodan, da wani ɓangare na tsaunukan Tassili na Aljeriya. A lokacin babu itatuwa ko ciyayi masu saiwa da za su riƙe gaɓar kogi, saboda haka ruwa yakan bazu ne ya yi rassa barkatai a fili mai faɗi, layukan dutsen kuma kusan ko'ina suna nuna cewa arewa ruwan ya nufa, zuwa tekun da ke gefen nahiyar.

Da aka fara auna zarkon na waɗannan duwatsu a kudancin Isra'ila da Jodan, a aikin da Dov Avigad na Jami'ar Hebrew da ke Ƙudus da abokansa suka soma wallafawa a 2003, mafi yawan ƙwayoyin sun ba da shekarun da suka dace da tsoffin duwatsun da ke gefe biyu na Bahar Maliya, waɗanda ke nan kusa, kuma a kudu, daidai inda layukan suka nuna ruwan ya fito. Kowa zai ce magana ta ƙare. Sai dai akwai wani sinadari a cikin zarkon mai suna hafniyom, wanda ke nuna ko narkakken dutsen da ya haifi ƙwayar sabo ne da ya taso daga can cikin ƙasa, ko kuwa tsohon ɓawon nahiya ne ya sake narkewa. Duwatsun gefen Bahar Maliya galibinsu sababbin tasowa ne. Amma binciken da Navot Morag da Avigad da wasu suka wallafa a 2011 ya nuna cewa fiye da rabin ƙwayoyin da shekarunsu suka yi daidai da na maƙwabtan nan suna ɗauke da alamar tsohon ɓawo, ma'ana ba daga nan suka fito ba, daga wasu tsaunuka ne masu shekaru iri ɗaya da ke can nesa a cikin nahiyar. Ƙari a kan haka, a shimfiɗun sama na Jodan da Libiya ana samun ƙwayoyi masu shekara kusan biliyan guda da yawa, alhali duwatsu masu wannan shekaru ba su da yawa a kusa, abin da ya sa wasu masana ke ganin daga tsakiya ko gabashin Afirka aka kwaso su. Har yanzu ana muhawara a kan takamaiman wurin, kuma a ganina wannan muhawara alamar lafiyar ilimin ce. Darasin da ke ciki a fili yake: dacewar shekaru ba hujjar dangantaka ba ce, domin tsaunuka da yawa a sassa daban-daban na Gondwana lokaci ɗaya suka tashi.

Taurin da ya sa zarkon ya zama shaida shi ne kuma babban aibinsa. Tun da ba ya lalacewa, ƙwaya ɗaya tana iya fita daga giranit ta kwanta a dutsen yashi, bayan shekara miliyan ɗari a ɗaga wannan dutse a zaizaye shi, ta sake tafiya ta kwanta a wani, har sau uku ko huɗu, shekarunta kuma ba su sauya ba. A arewacin Afirka ma hakan ta faru, domin wajen shekara miliyan 445 da suka wuce yankin yana kusa da ƙuryar kudu ta duniya, ƙanƙara ta rufe shi ta kankare tsoffin shimfiɗun yashi ta sake baza su, kuma har yau ana ganin sawun kartar da ta yi a kan duwatsun Sahara. Mai binciken da ya ga ƙwaya mai shekara biliyan 2 ya ja layi kai tsaye daga giranit mai wannan shekaru zuwa inda ya tsince ta, ya tsallake tarihin da ya fi wanda ya rubuta tsawo.

Sannan gefen nahiya yana da wata matsala tasa ta kansa, wato yashi ba ya tsayawa a gaban kogin da ya kawo shi. Eduardo Garzanti na Jami'ar Milano-Bicocca a Italiya da abokan aikinsa sun bi sawun yashin Kogin Orange, wanda ke tasowa daga tsaunukan Lesoto ya faɗa Atilantika a kan iyakar Afirka ta Kudu da Namibiya, suka nuna cewa igiyar ruwa da iska suna tura shi arewa a gefen gaɓa har kimanin kilomita 1,800, zuwa kudancin Angola. Idan wannan yashi ya zama dutse nan da shekara miliyan ɗari, wanda ya same shi a Angola zai nemi mafarinsa a tudun da ke bayansa, ba zai samu ba. Abin lura kuma shi ne abin da ya tona asirin yashin Orange gutsattsarin baƙin dutsen aman wuta ne na tsaunukan Lesoto da ma'adinansa masu duhu, shi kuwa irin wannan baƙin dutse kusan ba ya haifar da zarkon. Da zarkon kaɗai aka tambaya, da tsaunukan da kogin ya taso daga cikinsu ba su fito a lissafi ba sam. Haka abin yake ko'ina: ɗan ƙaramin giranit mai yawan zarkon yana iya danne muryar yanki mai faɗi wanda ba shi da shi. Yawan ƙwayoyin da aka auna ma yana da tasiri, domin Pieter Vermeesch ya lissafa a 2004 cewa sai an auna aƙalla ƙwaya 117 kafin a sami tabbacin kashi 95 cikin ɗari cewa ba a tsallake wani rukuni da ya kai kashi 5 cikin ɗari na samfurin ba. Binciken da ya tsaya a ƙwaya 40 ko 50 sannan ya ce babu wani rukuni a dutse, bai tabbatar da rashinsa ba.

Wannan batu na rashi yana da muhimmanci, domin an gina manyan hukunce-hukunce a kansa. Tsohon ginshiƙin duwatsun Afirka ta Yamma yana da shekaru sanannu, wato wajen biliyan 2 zuwa 2.2 da kuma waɗanda suka haura biliyan 2.5, amma kusan babu giranit mai shekara biliyan 1 zuwa 1.6 a cikinsa, alhali ginshiƙin yankin Amazon yana da su da yawa. Da aka tarar cewa tsoffin duwatsun yashi na wasu sassan Jamus da Faransa suna da ƙwayoyi masu shekara biliyan 2 kuma babu na tsakiyar nan masu biliyan 1 zuwa 1.6, sai aka kafa hujja cewa waɗannan yankuna a dā suna manne da gefen Afirka ta Yamma, daga baya suka ɓalle suka yi arewa suka haɗe da Turai. Hujjar tana da ƙarfi, kuma wasu shaidu na burbushin halittu suna mara mata baya. Amma a 2008 Feiko Kalsbeek da abokansa suka wallafa binciken duwatsun yashi na kwarin Volta a Ghana, suka sami ƙwayoyi masu waɗannan shekaru na tsakiya kwance a kan Afirka ta Yamma ita kanta, suka kuma kawo yiwuwar cewa daga yankin Amazon suka zo tun nahiyoyin biyu suna haɗe. Wannan bai rushe hukuncin farko ba, amma ya nuna cewa abin da ke cikin giranit na yanki daban ne da abin da ke cikin yashin da ya lulluɓe shi.

Wani zai ce me ya shafi mai karanta jarida da wannan duka. Ya shafe shi, domin ruwa da man fetur a cikin ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi suke zama, kuma asalin yashin yana cikin abubuwan da ke yanke yawan ƙofofin. Yashin da ya sha tafiya ya zama kwaz zalla yakan jure danniya ya bar sarari, wanda kuwa ke cike da feldisfa da gutsattsarin dutse mai laushi yakan matse, yumɓu ya toshe shi. Rijiyoyin mai na Hassi Messaoud a Aljeriya, da aka gano a 1956, daga dutsen yashin Kambiriyan ɗin nan suke zuƙowa a zurfin da ya haura mita 3,000, kuma ruwan Disi da ake turawa birnin Amman ta bututu mai tsawon kilomita 325 tun 2013 daga irin waɗannan shimfiɗu yake fitowa a kudancin Jodan. Wanda zai haƙa rijiya mai tsada a cikin teku yana buƙatar sanin ta ina tsohon kogi ya shigo da inda ya zubar da yashinsa mai kyau, kuma idan an ɓata taswirar hanyar, a wurin da babu komai za a haƙa.

Don haka roƙona gare ka, ya Edita, shi ne idan irin wannan labari ya zo teburinku, wakilinku ya tambayi masanin ko shekarun da ya ambata na ƙwayar ne ko na kwanciyar dutsen, ya tambaye shi ƙwaya nawa ya auna, sannan ya nemi jin wace shaida ce ban da zarkon ta goyi bayan hanyar da ya zana, ko layukan dutse ne, ko hafniyom, ko sauran ma'adinai masu nauyi. Masanin kirki zai yi murna da waɗannan tambayoyi, domin su ne yake yi wa kansa kafin ya wallafa. Ina kuma fatan jaridarku za ta riƙa gayyatar malaman ilimin duwatsu na jami'o'i su yi bayanin ayyukansu da Hausa a shafin ilimi, tare da hoton dutsen da taswirar wurin, yadda ɗalibin sakandare zai iya bin hujjar daga farko har ƙarshe ya auna ta da kansa.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum